Horar da Malamin Karatu: Jagora ga Masu Bita a Riruwai da Kewayenta

Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake shiga aji da ita a Najeriya, amma ba ta tabbatar da cewa mai ita zai iya ɗaukar yaro ɗan shekara shida, wanda bai taɓa riƙe fensir ba, ya kai shi ga karanta labari shi kaɗai. Da yawa daga malamanmu Larabci da addini suka karanta, ko nazarin zamantakewa, ko kimiyya, a kwalejojin ilimi na Kumbotso ko Kano ko Bichi, ko kuwa ta darussan NTI ta Kaduna. Sun san fanninsu. Sai aka tura su aji ɗaya aka miƙa musu alli. Koyar da karatu sana'a ce mai zaman kanta, kuma yadda ake koyon ɗinki haka ake koyon ta: almajiri ya hau keke ya taka, maigida na tsaye a kansa yana gyara masa hannu. Wannan jagora ta masu tsayuwar ce, wato jami'an tallafa wa makarantu, da hedimastoci, da malaman da ake zaɓa su horar da 'yan uwansu a Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji.

Sai a fara da duba ƙasar. Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, tana can ƙarshen kudancin jihar Kano, sai an ratsa dajin Falgore, cikin duwatsun da ake haƙar kuza tun zamanin Turawa. Ƙwararren da ke birni ba zai riƙa zuwa duk mako ba, kuma duk tsarin da aka gina bisa zuwansa zai mutu ranar da motar aikin ta daina zuwa. Kano ta ga shirye-shiryen inganta ilimi. An yi ESSPIN daga 2008 zuwa 2017 da tallafin Birtaniya. An fara KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa a 2019. Wasu jihohin ma sun yi nasu: RANA a Katsina da Zamfara, Mu Karanta a Bauci da Sakkwato. Littattafansu sun bambanta, amma duk sun haɗu a kan cewa bitar kwana uku a zauren taro ba ta sauya hannun malami sai an bi shi har aji. Don haka abin da za a bayyana nan, aiki ne da mutanen gida za su iya riƙewa da kansu.

Kafin komai, a auna yara

Kada a buɗe bita da lacca. Da safiyar ranar farko a ba kowane malami takarda ɗaya mai kashi huɗu: haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi, sakin layi mai jimla huɗu, da ɗan labari mai jimla takwas zuwa goma. A tafi makarantar da ke kusa, kowane malami ya ɗauki yara biyar daga aji uku ko huɗu, ɗaya bayan ɗaya, a gefe, ba a gaban aji ba. A fara ba yaro sakin layi. In ya karanta ba tangarɗa, a hau da shi labari, sannan a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. In ya kasa, a sauko kalmomi. In ya kasa, a sauko haruffa. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa: mafari, harafi, kalma, sakin layi, ko labari. Wannan hanya ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa ta, kuma da ita KaLMA ta yi aiki da 'yan aji huɗu zuwa shida.

Sharaɗi guda: kada rubutun ya fito daga littafin aji. Yaranmu suna da ƙarfin hadda, makarantar allo ta horar da kunnensu, kuma yaro zai iya rera maka shafi sukutum idonsa na kan tagar aji. In kana shakka, ɗora yatsa a kalmar ƙarshe ka ce ya karanta yana komawa baya.

Amfanin wannan safiya ya wuce alƙaluman da za a tara. Malamin da ya zauna da kansa ya ga yaron da yake ce wa haziƙi ya kasa raba "ba" da "da", ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan muhimmancin bitar. Gani ya kori ji.

Da rana sai a juyo kan malaman, cikin hikima. A yi musu shifta ta jimla goma, kowa ya rubuta ba tare da sa suna ba, a tattara, a cakuɗa, a gyara tare a allo. Kurakuran sanannu ne. Za a ga "yazo" maimakon "ya zo", da "gidan sa" maimakon "gidansa", da "shine" maimakon "shi ne". Za a ga an yar da ƙugiya, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Rubutun waya ya ƙara dagula lamarin. Babu abin kunya a ciki, domin akasarinsu ba wanda ya taɓa zaunar da su a kan ƙa'idojin rubutun Hausa. Sai dai abin da malami ya rubuta a allo shi yara saba'in za su kwafa, saboda haka a ware rabin sa'a kullum don wannan gyara har bitar ta ƙare.

Sauti, sannan gaɓa

Babbar ɗabi'ar da mai horarwa zai yi fama da ita ita ce waƙar "ei, bi, si, di". Waɗannan sunayen haruffa ne a Turanci, kuma ga mai koyon karatun Hausa tarko ne. An ce wa yaro wannan harafi "si" ne, sai ga shi a kalmar "ci". An ce masa e "i" ce, i kuma "ai" ce, u "yu" ce, sannan a ce ya karanta "kifi". Da me zai karanta? Abin da ake so malami ya iya shi ne furta sautin harafi tsantsa, a taƙaice: mmm, sss, nnn, da k da t ba tare da jan wasali a bayansu ba. Wannan sai da atisaye. A jera malamai biyu-biyu, ɗaya ya ɗaga kati, ɗaya ya furta, har bakin ya saba. Za a yi dariya, kuma dariyar tana taimakawa.

Sa'ar da muka yi ita ce rubutun boko na Hausa ba shi da yaudara irin ta Turanci. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, wasula biyar ne, kuma akasarin gaɓoɓi baƙi ne da wasali. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Alaramma yana fara wa yaro da babbaƙu, ya san baƙaƙe, sannan farfaru, ya ɗora musu wasali. Mai horarwa da ya tuna wa malamai wannan zai ga fuskokinsu sun saki, don ya nuna musu abin da suka riga suka sani ne.

Kada a bi jerin abacada daga a zuwa z. A fara da haruffan da ke saurin haifar da kalmomi. Da a, m, n, k kaɗai yaro zai karanta mama, nama, kaka, kama, mana, Nana. A ƙara u, ga kuka da kunu da muna. Cikin mako biyu yaro ya karanta jimla ta gaske, ya koma gida ya nuna wa uwarsa, kuma wannan nunin shi ke dawo da shi makaranta washegari. Harafi biyu a mako ya isa a farko, kowane da babbansa da ƙaraminsa, a furta shi, a nemo shi a farkon sunayen 'yan aji, a rubuta shi a iska, a ƙasa, sannan a littafi.

Akwai wuraren tuntuɓe da ya kamata kowane malami ya san su tun kafin ya kai gare su. Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka maye gurbin ɗigon da ake sawa a ƙarƙashin harafi a shekarun 1930, kada a koyar da su rana ɗaya da b da d da k. A bar na farko ya zauna, sannan a kawo na biyu, a gwada su da kalmomi masu kama: kara da ƙara, fada da faɗa. Haka b da d, a raba su da makonni. Sai baƙaƙen da ake rubutawa da harafi biyu alhali sauti ɗaya ne, irin sh, ts, ky, gw, ƙw. A rubuta su a kati ɗaya don yaro ya gan su a haɗe. Sai tagwan wasali, ai da au. Sai gaɓa mai rufi, kamar a gan-ga da tam-ba-ya, da baƙi mai nanatuwa, inda yara ke rubuta "hanu" da "kune". Maganinsa tafi: han-nu, kun-ne, bab-ba, a tafa kowace gaɓa kafin a rubuta.

Yaron da ya fara rubutu daga hannun dama ba daƙiƙi ba ne, allonsa ya biyo. A ɗiga masa alama a gefen hagu na shafi, cikin 'yan kwanaki zai saba da hanyoyin biyu.

Abu na ƙarshe a nan ya fi wuya, kuma malamai kaɗan ne suka lura da shi. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Ya shiga gari" da "ta tankaɗe gari" rubutu ɗaya, furuci biyu. Dole a koya wa yaro cewa in ya furta kalma ta fito ba ma'ana, ya kai ƙarshen jimla ya dawo ya gyara. Daga nan fahimta take farawa, ba sai an kai aji huɗu ba.

Yadda darasi ke tafiya

Kowane sabon abu ya bi mataki uku: ni zan yi, mu yi tare, ku yi. Malamanmu gwanaye ne a na ɗaya da na biyu. "Ku ce ba!" Aji ya ɗauka: "Ba!" Rufin kwano har rawa yake, mai wucewa ya ce ana karatu. Amma a cikin wannan amshi yara goma ne ke kallon allo, sauran bakin na gaba suke bi. Mataki na uku, inda malami zai yi shiru yaro ya yi shi kaɗai, shi ne ake tsallakewa, kuma a nan ne mai horarwa zai kafe. A aji mai cunkoso ana yin sa ta hanyar zaunar da yara biyu-biyu, ɗaya na karantawa yatsansa na kan kalma, ɗaya na saurare, malami na zagayawa yana sunkuyawa. Ya riƙa kiran suna ba tare da jiran ɗaga hannu ba, ya fi kiran na baya da 'yan mata masu sunkuyar da kai. Bulala kuma a ajiye ta, domin yaron da ke tsoron kuskure ba zai gwada haɗa gaɓa ba.

Darasin kullum ya ƙunshi bitar sautukan jiya, sabon sauti, haɗa gaɓoɓi, karanta gajeren rubutu da aka gina da haruffan da aka sani kawai, shifta ta kalma uku zuwa biyar, da labarin da malami zai karanta wa yara da murya mai daɗi, ya tsaya a tsakiya ya tambaye su me suke tsammani zai faru. In darasi ɗaya bai isa ba, hedimasta ya haɗa biyu da safe, kafin rana ta yi zafi yunwa ta taso.

Rashin littattafai gaskiya ne, amma bai isa uzuri ba. A ware yini guda na bitar don haɗa kayan aiki: a yanka kwalin taliya ko na sabulu a yi katunan haruffa da gaɓoɓi, a rubuta labari da manyan baƙaƙe a bayan tsohuwar kalanda, a tara marufan kwalba a rubuta harafi a kowane. Malami ya koma makarantarsa da jakarsa cike.

Ita kanta bitar, in mai horarwa ya yi magana fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokaci, ya yi yawa. Ya gwada darasin da yara na gaske, malamai na kallo. Sannan kowane malami, har da dattijon da ya kusa ritaya, ya tashi ya koyar na minti goma, 'yan uwansa su faɗi abu biyu da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara. A yi ta a rukuni-rukuni na makarantu biyar zuwa takwas da ke kusa da juna, yadda malami zai zo ya koma gida ya kwana. A kauce wa ranar kasuwa da tsakiyar shuka da lokacin cire masara, don malamin wannan yanki manomi ne, kuma ba laifi ba ne. A tashi kafin la'asar saboda malamai mata masu goyo. Kuɗin mota kuma a biya a ranar; babu abin da ke kashe bita ta gaba kamar bashin ta baya.

Bin sawu

Nan ne aikin yake. Kenya ta fara shirin Tusome a 2015, kuma abin da aka fi yaba masa bayan littattafai shi ne jami'an da ke shiga aji a kai a kai, su kalli darasi, su saurari karatun 'yan yara, su tattauna da malami. Mai ziyara ya cire rigar sufeto. Da zarar malami ya ji an zo kama shi, zai maimaita darasin da yara suka haddace, kowa ya yaudari kowa. Ya gaisa, ya zauna a bayan aji, ya fi kallon yara a kan kallon malami: nawa ne yatsansu ke kan kalmar da ake karantawa, nawa ne suka rubuta wani abu. Bayan darasi ya zaɓi yara uku da kansa, kowane ya yi karatu na minti ɗaya. Sannan su keɓe da malam, ba a gaban yara ba, ya fara da tambaya: "Malam, ina ka ga ya yi kyau, ina kuma ya ba ka wahala?" A tashi da gyara ɗaya tak, a rubuta shi, a dawo a duba shi. Gyara goma a zama ɗaya daidai yake da babu.

A ƙauyukan da jami'i ba ya iya kaiwa da damina, hedimasta ne zai ɗauki wannan aiki, don haka a horar da shi tare da malamansa, ba a bita ta daban ba. Sau ɗaya a wata malaman rukuni su haɗu na sa'a biyu, wani ya gwada darasi, a kawo matsalar da ta gagara. Inda akwai sabis, saƙon murya ta WhatsApp yana isar da furucin sauti fiye da takarda.

Akwai roƙo ga sakataren ilimi. An saba a jibge malamin da aka raina a aji ɗaya, a kai gwani aji shida saboda jarrabawa. A juya lamarin. Kuma wanda aka horar a bar shi a ajinsa aƙalla shekara biyu kafin a yi masa canjin wurin aiki.

Rubutu

Kwafe daga allo ba rubutu ba ne, zane ne. Shifta ita ce gada, domin tana tilasta wa yaro ya ji sauti ya nemo harafinsa. Daga zango na biyu na aji ɗaya yaro ya fara rubuta jimlarsa, ko da kalma uku ce. A aji uku ya rubuta jimla biyar a kan abin da ya sani: yadda ake ɓare masara, kifin Tiga, hanyar zuwa rafi, ranar da akuyarsu ta haihu. A koya wa malami kada ya cika shafi da jan biro. Ya zaɓi ƙa'ida ɗaya a mako, yau raba kalmomi, mako mai zuwa babban baƙi da aya, ya gyara ita kaɗai, sannan ya sa yaro ya karanta wa aji abin da ya rubuta.

Ba duk yaran wannan yanki ne suka tashi da Hausa a gida ba. Akwai 'ya'yan Fulani daga rugage, akwai Kurama. Yaron da Hausarsa ba ta nuna ba zai iya haɗa gaɓoɓi daidai bai san me ya faɗa ba. A makonnin farko a yawaita hira da wasa da nuna abubuwa ana kiran sunansu, a zaunar da shi kusa da wanda ke jin harsunan biyu, kuma kada a bari a yi masa dariya.

Batun Turanci kuwa, manufar gwamnati ta sha juyawa. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin. A 2022 aka ce har aji shida. A ƙarshen 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan. Ko me takarda ta ce, Hausa tana nan cikin jadawali, kuma a ganina yaron Riruwai zai fi saurin gane sirrin haɗa sauti da harafi a harshen da yake ji. In ya gane, ya gane ke nan har abada. Abin da ya rage masa a Turanci shi ne kalmomi da saɓanin furuci. Iyaye sukan ce Turanci suka kawo shi ya koya. Amsar da ta fi gamsar da su ita ce a kira taron iyaye, yaro ya tashi ya karanta wasiƙa a gabansu.

Manyan azuzuwa da ƙaramar sakandare

Za a tarar da ɗan aji biyar, har da na ƙaramar sakandare, wanda bai wuce matakin harafi ba, ya iya ɓoyewa kawai. Waɗannan ba sa jiran manhaja. A ware sa'a guda kullum, a rushe azuzuwa, a raba yara bisa matakin da awo ya nuna, kowane rukuni da malaminsa, duk bayan mako shida a sake awo a ɗaga wanda ya ci gaba. Babban yaro yana saurin kamawa, matuƙar ba a kunyata shi ba. Kada a sa wa rukuni suna mai nuna ƙasƙanci, kuma kada a ba saurayin da ke zuwa ramin kuza da yamma labarin 'yar tsana. A rubuta masa na kasuwa da babur da ƙwallo.

Waɗanda suka kai matakin labari kuma, buƙatarsu abin karantawa ne mai yawa. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, har yau yana riƙe aji shiru; haka Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Kwafi goma a akwati, da ɗalibi mai rajistar aro, sun zama laburare. A horar da malami ya wuce tambayar "wane ne" da "a ina", ya kai ga "don me" da "ta yaya ka sani, nuna min layin". Malamin kimiyya da na addini su ma su shiga bitar, su koyi fitar da kalmomi uku masu wuya kafin a karanta shafi, da sa ɗalibai su taƙaita shi a jimla biyu. Mai neman ƙarin haske zai iya tuntuɓar cibiyar binciken karatu da aka kafa a Jami'ar Bayero a 2017.

A ƙarshen zango a fito da takardar awo, a sauya kalmomin da labarin amma wahalarsu ta zama ɗaya, malamai su yi musayar azuzuwa don kada wani ya auna nasa. Hedimasta ya rubuta adadin yaran kowane mataki, na farkon zango da na ƙarshe, ya manna a ofis, ya kai kwafi ga kwamitin makaranta da ofishin ilimi. Ajin da bai motsa ba, shi ne na farko a jerin ziyarar zango mai zuwa, kuma sautukan da yara suka fi faɗuwa a kansu su ne darasin taron rukuni na gaba.